Mutumin da Yake Ɗaga Ƙyallen Kwaɓi

Rodi muke ce masa, kuma har ya bar duniya ban ji wanda ya kira shi da wani suna a gidan burodinmu ba. Matarsa ce kaɗai take cewa baban yara. Ni kuwa Gawayi yake ce mini, domin ni nake tsayawa a bakin tanderu, kullum fuskata da baƙin hayaƙi. Tare muka fara aiki muna samari, tare muka yi furfura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, domin a duniya dai bai taɓa yarda ya huta a gaban mutane ba.

Mahaifinsa ɗan dako ne a kasuwa. Sau ɗaya tak Rodi ya ba ni labarinsa, muna zaune a bayan tarin itace. Ya ce wata rana tsohon ya ɗauko kayan wani ɗan kasuwa, ƙafafunsa suka ƙi, ya zauna a bakin hanya da kayan a kansa. Mai kayan bai zage shi ba, bai ma ɗaga murya ba. Hannu kawai ya ɗaga ya kira wani ɗan dakon, aka sauke kayan daga kan tsohon aka ɗora wa wancan, suka wuce suka bar shi a zaune. Rodi ya ce daga ranar mahaifinsa bai sake haɗa ido da 'ya'yansa yadda ya saba ba. Yana gama faɗa ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ce mini, "Tashi, Gawayi, wutarka za ta mutu." Bai sake ta da zancen ba.

Karatunsa bai yi nisa ba, kamar nawa. Ranar da ya zo neman aiki motar fulawa ce a ƙofa. Bai jira an ce masa komai ba, ya ɗora buhu a ka, ya rungumi wani a ƙirji, ya hau matakalar sito kamar wanda ya ɗauko matashin kai. Tsohon maigidanmu, uban na yanzu, ya riƙe baki ya ce, "Wannan ai ba mutum ba ne, rodi ne." Sunan ya zauna.

A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake shan shayi. In ka tura masa kujera sai ya tura maka da ƙafa ya ce ka kai wa masu jego. Yana waƙa in yana murza kwaɓi, da murya irin ta tsohuwar ƙofa, kuma bai san baitin kowace waƙa ba sai farkonta. Da ya yi aure ya kama ɗakuna biyu a saman wani gidan haya, can ya haifi 'ya'yansa duka. Manyan suka watse neman abinci, aka bar Auta, wadda ta shiga makarantar koyon jinya. In aka ambace ta sai ya yi kamar bai ji ba, amma kunnuwansa har motsi suke. Shi ne kuma ya kawo ƙanin matarsa aiki wurinmu, magidanci mai 'ya'ya, mai sanyin hali. Aka ba shi awon yis da gishiri da sukari, muka sa masa Sikeli.

Ga yadda aikinmu yake. Da sassafe Sikeli zai auna, inji ya haɗa, Rodi ya murza, sannan a zuba kwaɓin a wani dogon akwatin katako da ke lungu mai ɗumi, dab da ƙofar sito. A rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙyale shi ya tashi. Dokar gidan ita ce ba mai taɓa ƙyallen nan sai lokaci ya yi, kuma Rodi ne ya kafa dokar. Ya sha bugun hannun mutane a kanta, har da nawa. Yakan ce kwaɓi amarya ne, ba a leƙa shi. Yayin da yake tashi ne ake sauke fulawa daga mota, a shigo da itace, a shafe gwangwanaye da mai.

Bara ne burodinmu ya fara lalacewa. Ya riƙa fitowa da nauyi, samansa ya tsattsage, cikinsa ya cushe kamar ba a sa masa yis ba. Masu shaguna suka fara dawo da shi. Wata mai shayi ta ce mana ta jefi kare da guda ɗaya, karen ya yi kwana biyu yana ɗingishi. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Maigida ba mugu ba ne, amma hankalinsa ya tashi. Ya sauya fulawa, abin bai gyaru ba. Ya ce itacena ɗanye ne, na kawo busasshe. Ya kira mai gyaran inji, aka kwance aka ɗaure, burodi yana nan kamar bulo.

Ni na fara lura, domin daga bakin tanderu ina hango lungun. Rodi zai hau da buhu, ya sauko, maimakon ya koma mota sai ya ratse wurin akwatin. Ya yaye ƙyallen, ya dafa bakin katakon da hannu biyu, ya sunkuya kamar mai sansana. Ya daɗe a haka. Sannan ya caka yatsa a kwaɓin nan da can, ya mai da ƙyallen a karkace, ya koma. Buhu na gaba ma haka. Ƙofar sito kuwa a buɗe, iska mai sanyi tana bi ta kan kwaɓin tana busar da shi.

Na ce, "Kai Rodi, zobe ka yar a ciki ne?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Lafiyarsa nake dubawa."

"Kai da ka ce amarya ce?"

"Amaryar ba ta da lafiya. Kula da wutarka."

Sai a lokacin na ga kafaɗunsa. Hawa suke suna sauka kamar zugazugin maƙeri. Ba sansana kwaɓi yake ba, numfashi yake nema. A duk faɗin gidan, nan ne kaɗai wurin da mutum zai tsaya ya dafa wani abu a ce aiki yake. Na juya na tura itace a wutar da ba ta bukatar itace.

Ranar hutu na je gidansa kamar yadda na saba. Na tarar da Auta ta zo da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa mutum a yatsa, tana gwaji a kan duk wanda ta kama. Ta gwada uwarta, ta gwada maƙwabciya, ta kama ni tun ban cire takalmi ba.

Ta ce, "Baba Gawayi, naka lafiya lau. Hayaƙi ya ji tsoronka."

Sai ga Rodi ya hawo bene da bokitin ruwa. Ya ajiye, ya jingina da ƙofa yana murmushi, numfashi ya hana shi ko gaisuwa. Auta ta cafke yatsansa tana dariya. Ta dubi lambar da ta fito. Dariyar ta tsaya. Ta cire, ta goge yatsan da gefen mayafinta, ta ce fulawa ce ta hana, ta sake maƙalawa. Ta duba leɓensa, ta duba faratansa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Abin wasan yara ne wannan."

"Tun yaushe ƙafafunka suke yi maka zafi in ka hau bene?"

Matarsa ta ce daga bakin murhu, ba tare da ta ɗago ba, "Tun kafin damina. Ya ce in na faɗa miki zai daina cin abincina."

Auta ta zaunar da shi a bakin gado, ita ta durƙusa a gabansa. Ina jin ta san in ta fara da maganar asibiti zai tashi ya fita, shi ya sa ta juyo wurina.

"Baba Gawayi, in ka toshe ƙofar iska ta tanderu, me yake faruwa?"

Na ce, "Wuta ta yi sanyi. Hayaƙi ya cika ɗaki, itace ya ƙi cinyewa, a tashi da baƙin gawayi maimakon toka."

Ta ce to jikin mutum ma kusan haka yake, sai dai babu harshen wuta a ciki. Ta ce duk naman jikinmu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kowace tana bukatar ƙarfi kafin ta yi aiki. Abincin da muka ci yana narkewa ya zama wani irin sukari, gulukos, jini ya kai wa kowace ƙwaya rabonta. Jinin nan kuma shi yake ɗauko iskar oksijin daga huhu. In sukari da iska sun isa tare, ƙwayar takan farfasa sukarin har ƙarshe, ta tatse duk ƙarfin da ke cikinsa, abin da zai rage ruwa ne kawai da iskar da muke fitarwa ta hanci. In kuwa aiki ya yi yawa iska ba ta isa ba, ƙwayar ba ta tsayawa. Takan tsaga sukarin biyu kawai, ta ɗauki ɗan abin da ya samu, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, ta bar sauran ya zama wani ruwa mai tsami a cikin tsoka. Lokacin ne ƙafa take ɗaukar zafi, ta yi nauyi, ta fara rawa.

Na ce, "To ai ni ma in na yi gudu ina jin haka."

"Kowa yana ji, Baba. Amma kai sai ka yi gudu. Kuma in ka tsaya ka yi haki, iska ta shiga, jini ya kwashe tsamin, hanta ta mai da wani sukari, a ƙone wani, ka dawo daidai. Shi Baba bokiti ɗaya ne yake kai shi can. Huhunsa ba ya ba jini abin da ya isa. Kullum da toshasshiyar ƙofa yake aiki."

Rodi yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, a hankali, "Kwaɓi fa? Shi ai a rufe yake, ba iska, amma yana tashi."

Ta ce yis ma abu ne mai rai, shi ma sukarin yake ci. A tsakiyar kwaɓi ba iska, sai ya bi gajeriyar hanya irin ta tsoka. Amma shi ba tsami irin namu yake bari ba. Iska yake fitarwa, ita take cika kwaɓin da 'yan ramuka har ya kumbura, da kuma 'yar barasa, wadda zafin tanderu yake kora.

Matarsa ta saki ludayi. "Barasa? A'uzubillahi! Shekara da shekaru abin da kuke ciyar da mu ke nan?"

Auta ta ce, "Wuta tana kore ta, Inna."

"Shi ya sa Gawayi yake tangaɗi in ya taso aiki," in ji Rodi, ya yi 'yar dariya, dariyar ta zama tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Wato kwaɓi ya fi ni. Shi in ya rasa iska tashi yake, ni zama zan yi." Ya dube ni, karon farko a ranar. "Abin da ka ji a ɗakin nan, a ɗakin nan ka ji shi."

Auta ta ce asibiti gobe. Ya ce sai an gama sauke fulawar wata. Ta yi kuka, ya ce ta tashi ta ba baƙo ruwa.

A makon nan Maigida ya ce zai gwada yis a gaban kowa. Ya zuba ruwan ɗumi a kofi, ya sa sukari, ya barbaɗa yis, muka kewaye muna kallo. Ba a jima ba kumfa ta taso har ta zubo a kan tebur. Maigida ya ce, "Yis lafiyarsa ƙalau. Fulawa sabuwa ce, inji an gyara, wuta daidai. Saura awo." Ya juya wurin Sikeli. Ya ce ba ya zarginsa da sata, amma ko dai idonsa ya fara rauni ko hankalinsa yana wani wuri. Ya ce ya ƙarasa makon, sannan ya miƙa ma'auni ga wani, ya nemi abin yi.

Sikeli bai iya gardama ba. Ya tsaya yana murza hularsa, ya ce, "Wallahi yadda aka koya mini nake yi." Ya waiwayi Rodi. "Yaya, kai ka koya mini. Ka faɗa masa mana."

Rodi yana shafa mai a gwangwanin da ya riga ya shafa. Bai ɗago ba. Wuyansa ya jiƙe sharkaf. Ban taɓa ganin ƙato ya ƙanƙance haka ba.

Da rana na same shi a bayan tarin itace, inda ya taɓa ba ni labarin mahaifinsa. Na ce, "Ni ba zan faɗa ba, ka riga ka ɗaure ni. Amma ka gaya mini da wane ido zan kalli Sikeli."

Ya ce, "Kana tsammani ni ina iya kallonsa? Jiya yayarsa ta zuba mini abinci, na kasa kai hannu."

"To ka yi magana."

"In ce me? In ce Rodi ya lanƙwashe? Kujera za su ba ni, Gawayi. Su riƙa yi mini sannu. Direban mota ya riƙa cewa a bar tsoho ya huta." Ya ja numfashi, ya sake ja. "Na gwada bari. Na ce yau ba zan je wurin akwatin ba. In na sauko sai in ga duhu, ƙafar ta zama ba tawa ba, in farka in gan ni a can na ɗaga ƙyallen."

Na ɗora hannu a bayansa, ya bar shi na ɗan lokaci, sannan ya kauce.

Washegari motar fulawa ta zo da hantsi, kwaɓi yana rufe a lungunsa. Rodi ya je ofis da kansa ya kira Maigida, ya ce yana so ya tsaya a bakin sito ya ga wani abu. Ya kira Sikeli ma. Maigida ya ce, "Lafiya?" Rodi ya ce, "Ka dai tsaya, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki buhu ya hau ya sauko. Ya wuce akwatin bai kalle shi ba. Ya sake ɗauka. Duk muka bar abin da muke yi, domin ƙarar numfashinsa ta fi ta inji. Direba ya leƙo daga mota yana cewa, "Rodi namu, a gaishe ka!" Bai yi nisa ba gwiwoyinsa suka fara kaɗawa. Ya kai tsakiyar matakala da wani buhun, ya ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi. Na ga ya waiwayi lungun sau ɗaya. Sannan ya juya, ya zauna a kan matakalar, a gaban kowa, buhun ya zame masa a cinya, fulawa ta bule masa a fuska.

Ba wanda ya yi motsi. Leɓensa ya yi baƙi. Na taho zan ɗauke buhun, ya ɗaga mini hannu in tsaya. Muka tsaya muna jin yana haki, har numfashin ya ishe shi magana.

Ya ce, "Wannan nake ɓoyewa a ƙarƙashin ƙyallen. Duk buhun da na kai sai na buɗe kwaɓin. Ni na kashe muku burodi." Ya huta. "Awon Sikeli daidai ne. A bar masa ma'auninsa."

Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi masa sannu. Maigida yana kallon takalminsa. Direba ya koma cikin mota ya ja ƙofa a hankali. Sikeli ya rufe fuska da hula. Mu duka kamar mu aka kama, kamar mun shiga ɗakin mutum yana wanka. A ƙarshe Sikeli ne ya hau ya janye buhun, ya zauna a matakalar da ke ƙasa da tasa ya ba shi baya, don kada a ce kallonsa yake.

Likita ya ce ƙurar fulawa da hayaƙi na shekaru sun cinye masa huhu, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙe wanda ya rage. Ya hana shi shiga inda ake ta da fulawa. Maigida ya yi abin da Rodi ya faɗa tun farko, ya ba shi kujera a gaban shago ya riƙa miƙa wa masu saye burodi. Rodi ya gwada. Duk wanda ya san shi sai ya ce, "A'a, Rodi, yau kai ne a zaune?" Ba da mugunta suke faɗa ba. Bai yi mako ba ya ce wa Maigida ya gode.

Ya koma ɗakinsa na sama. Auta ta samo masa wani inji mai gurnani da yake tace iska, da siririn tiyo da ake sa wa a hanci. In yana sanye da shi launinsa yakan dawo, ya ci abinci, har ya tsokani matarsa. Amma da ya ji takun baƙo a bene sai ya fizge tiyon ya tura ƙarƙashin matashi, ya sa a kashe injin a rufa masa zane. 'Yan wurin aiki suka riƙa zuwa gaishe shi, yana zaune yana yi musu hira yana shiɗewa a gabansu, in sun tafi a yi ta fama da shi. Auta ta tsaya a ƙofa ta ce ba mai sake shiga sai ni, tunda ni na riga na gani. Ta ce masa, "Baba, ko dai su gan ka da tiyo, ko kada su gan ka." Ya ce kada su gan shi.

A gidan burodi kuwa, burodi ya gyaru. Ya riƙa fitowa da laushi, samansa sumul, ƙamshinsa har titi. Mai shayin nan ta ce yanzu ko jariri zai ci. Masu shaguna suna yabo, mu muna sunkuyar da kai. Wallahi akwai ranar da na gutsura na kasa haɗiyewa. Daɗinsa ne ya tsaya mini a wuya.

Na daɗe ina zuwa masa da lemo da ayaba, ban kai masa burodi ba. Wata rana ya ce, "Kai, gidan burodin ya ƙone ne?" Washegari na kai masa guda, da zafinsa. Ya karɓa ya auna a hannu. Ya danna da babban yatsa, ya saki, wurin ya taso ya cike. Ya tsaga, ya ɗaga wajen taga yana kallon 'yan ramukan.

Ya ce, "Ya tashi."

Na ce, "Fulawar bana ce mai kyau."

"Gawayi, ƙarya ba ta yi maka kyau, fuskarka ƙara baƙi take." Ya daɗe yana juya burodin. "Wa yake ɗaukar buhu?"

Na ce mutum biyu aka ɗauka, kuma da baro suke kaiwa bakin matakala. Na gaya masa Maigida ya sa an kafa benci a bakin sito, ya ce duk wanda ya gaji ya zauna.

"Suna zama?"

"Ba wanda ya taɓa zama. Kunya suke ji."

Injin yana ta gurnaninsa a gefen gado. Can ya ce, "Wawaye. To ina suke tsayawa in ƙafa ta ɗauki zafi?"

Na ce ban sani ba. Amma na sani, domin na ga ɗaya daga cikinsu yana daɗewa a banɗaki.

Ya gyara tiyon a hancinsa. Ya ce, "Ka ce su zo ranar hutu. Dukansu, har sababbin."

Suka zo, suka cika ɗakin, wasu a bakin ƙofa. Ya ji takunsu tun daga ƙasa, na ga hannunsa ya tashi zuwa hanci, ya tsaya a hanya, ya koma ya kama bakin zanen gado ya riƙe gam. Tiyon yana nan a fuskarsa. Bai kalli kowa ba, ƙafafunsa yake kallo, su ma nasu suke kallo. Aka gaisa, gaisuwa ta ƙare, aka rasa na gaba. Sai Sikeli ya ce, "Yaya, ashe kai ma an ja maka famfo har ɗaki, mu muna can muna layi." Wani ya tuntsire, sauran suka bi. Rodi ya ce, "Ka ga ɗan banza, da na bari an kore ka."

Sannan ya kira sababbin nan biyu suka matso. Ya sa Auta ta sake faɗa musu zancen sukari da iska, yana katse ta yana gyara mata da misalin tanderu kamar shi ya ƙirƙiro. Ya ce musu in ƙafa ta fara zafi, jiki ne yake cewa iska ba ta isa ba, su zauna a benci su yi hakinsu a fili. Ya ce su ɗaura ƙyalle a hanci in ana zazzage buhu. Duk maganar nan bai ɗago ido ba. Da suka tashi tafiya ya ce, "Kuma duk wanda ya taɓa mini ƙyallen kwaɓi, ina nan."

Bai daɗe ba bayan haka. Da safe ne, bayan ya sha shayi, matarsa tana wanke kofi. A zaune ya cika, ya jingina da bango, tiyon yana hancinsa.

Bencin yana nan a bakin sito. Bayan mun dawo aiki daga zaman makoki ya yi kwanaki ba mai zama, sai dai a ajiye gwangwani a kai. Wata rana na shigo da itace, na ji cinyoyina sun ɗauki zafi, numfashi ya yi mini gajere. Na tsaya ina waige-waige, ina neman abin da zan yi kamar ina dubawa. Sai na ture gwangwanayen na zauna. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, ina haki kowa yana ji. Sikeli ya ɗago daga ma'auninsa ya dube ni, ya mai da kai. Ɗaya daga cikin sababbin ya ajiye baro, ya zo ya zauna a ɗaya gefen. A lungu kwaɓi yana ta tura ƙyallensa sama, ba wanda ya je kusa da shi.